Ga mai son buɗe gidan gahawa irin na Sudan

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka saka injin espresso (mai matso gahawa da ƙarfin ruwan zafi) da AC da kujerun kushin, ko ka bar wurin yadda aka saba. Shawarata, ka fara tsara wurin murhu, sauran su biyo baya.

Tun gidajen gahawar Makka a farkon shekarun 1500 da na Istanbul wajen 1555, zama da hira ne ke tara mutane. A Kasala da Khartum kuwa har da ƙamshi, domin a gabanka ake soya ƙwayar gahawa, a daka ta a turmi, a dafa a jabana, wato 'yar tukunyar yumɓu mai dogon wuya. Ka ɓoye wannan a kicin, ka rasa abin da ya kawo mutane.

Babban haɗari shi ne gawayi a rufaffen ɗaki mai AC. Yana fitar da kabon monoksaid, iska marar wari da ke kawo ciwon kai da jiri, har ta kashe. Sa murhu a baranda ko tsakar gida, ko ka yi masa bututun hayaƙi. Ɗakin AC ya zama na masu kwamfuta, a riƙa kai musu a faranti.

Kujerun gefen murhu su zama gajeru, irin na igiya da ake kira banbar. Doguwar kujera tana raba mai sha da mai dafawa.

Wajen suya, a yi ta motsa kasko minti 10 zuwa 15, in ba haka ba waje ya ƙone ciki ɗanye, ɗaci ya haɗu da tsami. Soya na yini guda kawai, a daka lokacin da za a dafa. Cokalin cin abinci ɗaya na garin gahawa a ruwa mililita 100 ya isa, da ɗan garin citta. A toshe bakin jabana da zaren dabino don tace gari. Kada a ɗora ta kan harshen gas kai tsaye, tsagewa take yi, kuma sabuwa sai an tafasa gari a ciki an zubar kafin warin ƙasa ya fita.

Injin espresso ya jira tukuna. Na kasuwanci yana cin wat 3,000 ko fiye, ga tace ruwa, ga neman mai gyara. Wannan kuɗin ya fi amfani a rumfa mai inuwa, fanka da wurin alwala.