Ƙanwata mai PCR ɗin da ya ƙi fitowa, kafin ki ajiye aikin

Ƙanwata, sau uku na karanta tambayarki. Kin ce wata bakwai kina PCR, wato ninka wani yanki na DNA a na'ura, ko layi ɗaya bai fito a jel ɗin da ake duba sakamakon ba, mai duba aikinki ya daina amsa miki saƙo, kina so ki bar bincike ki koma ɗakin gwajin asibiti, amma zuciyarki na ce miki wannan gazawa ce. Wallahi kamar ni ce na rubuta. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kasa wucewa.

Kafin komai: jinin da kike cire DNA daga cikinsa, a wace kwalba aka ɗebo shi? Mai murfin shunayya ta EDTA, ko mai koren murfi ta hefarin, sinadaran nan biyu da ke hana jini daskarewa? Kada ki ce kin sani, je ki tambayi wanda ya ɗiba da hannunsa. Ni abin da ya ci min wata tara ke nan. A kan HBB nake aiki, ƙwayar gadon nan ta kuromosom na 11 da harafi ɗaya ya sauya a cikinta, GAG ya koma GTG, aka samu sikila. Abu mafi sauƙi a duniya, in ji kowa. Ashe masu ɗibar jinin kwalaben EDTA ne suka ƙare musu, suka zuba a na hefarin, suka juye a ƙananan kwalaben firiza kafin ya iso hannuna. Ban taɓa ganin murfin ba. Shi kuwa hefarin yana biyo DNA har ƙarshen tacewa ya shaƙe Taq, sinadarin da ke ninka DNA ɗin. Na'ura tana ba ni 1.8 tsaf a ma'aunin tsaftar DNA na 260 da 280, ina cewa DNA ɗina lafiya lau. Na sauya firaima, guntayen DNA da ke nuna inda za a ninka, sau biyu, na yi ta hawa da sauka da zafi tsakanin digiri 55 da 62, na ƙara magneziyam, na rage. Shiru.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta taron mako. Na haska hoton jel, layin ma'auni ne kaɗai a gefe, sauran fili baƙi wuluk. Farfesan da nake ƙarƙashinsa bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce, "Kary Mullis tun 1983 ya ƙirƙiro abin nan, ke kwafa ma ta gagare ki. Wasu hannayen ba na lab ba ne." A gaban ɗaliban digiri na farko da ni nake koya wa riƙe fifet, abin ɗibar ruwan sinadari. Ɗaya ta yi dariya ta toshe baki. Na tattara takarduna na shige ɗakin duhun da muke duba jel, na kulle, na zauna a ƙasa kusa da kwandon safar hannu na yi kuka har aka ƙwanƙwasa ana neman na'urar. Har yau in na ji ƙarar fankar irin wannan na'ura sai gabana ya faɗi. Mutumin nan a wata taran nan bai taɓa zama minti goma ya buɗe littafin aikina ba. Ko sau ɗaya.

Wani ma'aikacin lab ne, dattijo da ba shi da digirin komai, ya ce in ɗauki DNA ɗin da muka tabbata yana fitowa in gauraya da nawa. Na yi. Shi ma ya mutu. Nan na gane akwai abin da ke kashe aikin a cikin samfurin. Na tsarma kashi ɗaya cikin goma, sai ga layi siriri kamar zare. Ki yi wannan gwajin gobe, yini ɗaya ya isa. Akwai ma sinadarin hefarines da ke narkar da shi in samfurin ba zai sake ɗebuwa ba.

Kin zaci a nan ya ƙare? Na gyara hanyar, na gama samfuran duka, na zana jadawalin da hannuna. Da maƙalar ta fito a mujalla, sunana yana can ƙasa a sashen godiya, kuma an rubuta shi ba daidai ba. Sunan wani da bai taɓa sa farar riga a ɗakin ba shi ne na biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da na je ofishinsa ya ce ai ni ɗaliba ce, koyo nake. Na yafe don in samu barci, amma ban manta ba. Saboda haka ki nemo ƙa'idojin ICMJE, kwamitin editocin mujallun likitanci, na wanda ya cancanci zama marubuci, sharuɗɗa huɗu ne, ki karanta. Ki yi maganar jerin sunaye tun kafin sakamako ya fito, ta imel, domin baki ba ya barin shaida. Littafin aikinki kuma biro, kwanan wata, lambar kowane sinadari, hoton kowane jel har wanda bai fito ba. Musamman ma shi.

Za a yi ta kawo miki labarin Katalin Karikó, mai binciken da aka rage wa matsayi a jami'a a 1995 ta kuma karɓi Nobel a 2023, ko Mary-Claire King da ta bi sawun gadon sankarar mama tun 1974 sai 1990 ta nuna yana kuromosom na 17. Gaskiya ne duka, amma ni lokacin da nake cikin wuta haushi labaran nan suke ba ni. Su tambayarsu ce mai wuya. Ni kwalba ce da mugun shugaba.

Maganar komawa gwajin asibiti, ni can na koma, kuma ban san wanda ya fara kiran hakan gazawa ba. A bincike in kika yi kuskure sai ki sake. A can iyali ne za su yanke shawara a kan takardar da kika sa wa hannu. Can na koyi raba ɗakin haɗa sinadari da ɗakin da ake buɗe abin da aka riga aka ninka, can na san ISO 15189, ƙa'idar ingancin ɗakunan gwajin asibiti, can na daina raina kwalbar da ruwa kawai ke ciki a madadin DNA, mai tona gurɓata. Kuma bincike bai bar ni ba. Matakai biyar ɗin ACMG na 2015, na tantance ko sauyi a ƙwayar gado yana jawo cuta, za ki zauna da su kullum, na tsakiyar nan, VUS, sauyin da ba a san tasirinsa ba, shi zai hana ki barci: kin ga sauyi a ƙwayar gado, kin duba rumbunan bayanai na ClinVar da gnomAD, ba wanda zai ce miki cuta ne ko ba cuta ba. Ya fi yawan faɗo wa mutanen da ba asalin Turai ba, don yawancin bayanan da aka tara na Turawa ne. Ko wannan kaɗai aikin digiri ne ga mai so. Ki fara taɓa R da Linux, kayan kwamfuta na nazarin bayanai, tun yanzu, ni na makara ina jin jiki.

Amma kada ki tafi a wannan makon, da zafin rai. Ki yi gaurayen nan tukuna. In akwai kwamitin da ke kula da ɗalibai, ki rubuta musu cewa wata nawa ba a duba aikinki ba, da kwanakin saƙonninki. Ni tsoro ya hana ni, shi ne abin da nake nadama.

Turo min hoton jel ɗinki na ƙarshe da yadda kike haɗa sinadaran, mikrolita nawa-nawa. Ki faɗa min ko kwantirol ɗinki, DNA ɗin da aka san ya kamata ya fito, yana fitowa, don ba ki ambace shi ba sam, kuma hakan ya ɗan dame ni.