Hajiya na ɗaure kaya kullum da magariba

'Yar'uwa, kin ce da an doshi magariba sai Hajiya ta ƙulle kayanta a zani, wai za ta koma gidan iyayenta a Yakasai, alhali sun daɗe da rasuwa. Sannu da ƙoƙari.

Kada ki yi mata musu. Ranar da na ce wa Babanmu "ai Inna ta rasu", kuka ya yi kamar yanzu aka fita da gawar, washegari kuma ya sake tambaya. Daga baya sai nake cewa, "To Baba, a sha shayi tukuna." Masu ciwon mantuwa sun fi rikicewa da yamma, don haka kunna fitila tun kafin duhu, ki miƙa mata tiren zogale ta riƙa tsinkewa.

Amma kada a ce gigin tsufa ne kawai a zauna. Kai ta Asibitin Malam Aminu Kano, wajen likitocin ƙwaƙwalwa, a auna suga, hawan jini da fitsari. Magani irin donepezil sassautawa yake, ba ya warkarwa.

Ɗinka lambar wayarki a hijabinta, ki sanar da mai shagon bakin layi, ko da za ta fita ta ɓata. Yayyenki maza kuma su karɓi kwana, turo kuɗi kaɗai bai isa ba.