Ga malamin kiɗa mai son zuwa Ingila: abin da zai tarar a aji

Malam, ka ce kana koyar da kiɗa a sakandare, ka iya haɗa waƙa da manhajar FL Studio, kana kuma tambaya ko hakan ya isa ka samu aji a Ingila. Bai isa ba, amma ba daga tushe za ka fara ba.

Batun takarda tukuna. Ƙofar neman QTS (shaidar cancantar koyarwa a Ingila) kai tsaye da aka buɗe wa malaman Najeriya a 2023 ta masu lissafi, kimiyya da harsuna ce. Malamin kiɗa ba ya ciki, don haka kwas ɗin horar da malamai na PGCE mai shekara ɗaya ne hanyar da aka fi bi.

A jarrabawar kiɗa ta GCSE, wadda 'yan sakandare ke yi a Ingila, kashi 30 na maki na kaɗawa ne ko rerawa, 30 na ƙirƙirar kiɗa, 40 na sauraro. Kowane ɗalibi zai miƙa kiɗa biyu da jimillarsu ba ta gaza minti 3 ba, kuma yawanci a kwamfuta ake yinsu. Manhajojin da za ka fi gani su ne GarageBand da Logic Pro a kan Mac, sai Cubase, sai Soundtrap da BandLab masu aiki ta intanet. Na rubuta alamomin kiɗa kuwa, Sibelius da MuseScore. Na ƙarshen kyauta ne, ka sauke shi tun kana gida. Wanda kunnensa kaɗai ya dogara da shi, nan yake tuntuɓe.

Haɗa kiɗa kai kaɗai a situdiyo daban, riƙe yara 30 a kan kwamfuta 15 cikin awa ɗaya daban. Kowane tebur yana da ƙaramin kibod na kiɗa (MIDI) mai igiyar USB da hedifon biyu. Kafin ka ce kwabo, hannu biyar sun tashi, kowa na cewa nasa ya ƙi.

Ƙorafin da ya fi yawa jinkirin sauti ne: yaro ya danna, sautin ya biyo baya. Laifin girman bafa ne, wato adadin sautin da kwamfuta ke tarawa kafin ta fitar da shi. A kan 44.1 kHz, bafa 1024 na jawo jinkirin kusan milisakan 23, na 128 kuwa kusan 3. Ka rage shi zuwa 128 ko 256 lokacin ɗauka. Idan sautin ya soma ƙarƙar saboda kwamfutar ta ɗauki nauyi, ka ɗaga shi lokacin tacewa. Hedifon Bluetooth kada ma ya shigo ajin, jinkirinsa ba ya gyaruwa. Makirfo nau'in kondensa da ya yi shiru, galibi ba a kunna masa wutar 48V ba ne. Ƙarfin ɗauka kuma ya tsaya tsakanin -12 da -6 dB, domin muryar da ta taɓa ja a ma'aunin sauti ta fashe, babu manhajar da za ta mayar da ita yadda take.

Wanda ke sa kuka shi ne ajiya. Yaro ya kwafi fayil ɗin aikin, ya bar jakar sautukan a wata kwamfutar, mako mai zuwa ya buɗe ya tarar da fanko. Minti 5 na ƙarshen darasi na ajiya ne, a jaka ɗaya, da kwafin sautin a fayil ɗin WAV.

Abin da ka fi ƙarfi a kai kuwa shi ne kunnen bugu. Yara na son danna maɓallin da ke jera kowane bugu a kan layi, sai kiɗan ya sandare. Wanda ya tashi da kalangu ya san inda bugu ke jinkirtawa da gangan, ya san yadda matse tsirkiya ke lanƙwasa murya, kuma zai iya nuna hakan da ɗan gargaren lanƙwasa sauti na kibod. Idan aka kira ka gwajin koyarwa, darasin da za ka kai ke nan, tare da shirin abin da za ka yi in intanet ta ɗauke.