Tambaya da Amsa: Na gaji da fassara gem ɗin Japan, in bari?

Malam barka da aiki. Shekara biyu ke nan ina mayar da wani tsohon gem na Super Famicom (tsohuwar na'urar buga gem ta kamfanin Nintendo) zuwa Hausa ni kaɗai a laftof, na kai kusan rabi amma wallahi na gaji, ga karatu ga shagon babanmu, yaran unguwa kuma kullum "yaushe za ka gama?" In na bari na ci amanarsu?
Wani ɗalibi, Tudun Wada, Gombe

Ƙanena, ba ka ci amanar kowa ba, ba kwangila aka ba ka ba ai. Wannan aiki dama ba na mutum ɗaya ba ne. Ga misali, wani gem mai suna Mother 3 ya fito a Japan a 2006, sai a 2008 masoyansa suka fitar da fassarar Turanci, kuma su tawaga ce guda, wani na fassara wasu na kutsa cikin lambobin gem ɗin. Kai kuma ga ƙarin wahala, gem ɗin bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka zauna ka zana su ɗigo-ɗigo, sannan abin da Japananci ya faɗa da alama huɗu Hausa sai ta cinye layi guda akwatin rubutun ya cika ya tumbatsa.

Ka huta abinka. Amma don Allah kar laftof ta mutu da aikin. Tattara fassarar da teburin haruffan (jerin da ke nuna lambar kowane harafi a gem ɗin), rubuta inda ka tsaya, ka ba duk mai sha'awar ci gaba. Facin kawai, wato fayil ɗin da ke ɗauke da gyare-gyaren da ka yi, za ka raba banda gem ɗin kansa, wannan haƙƙin kamfani ne. Yaran unguwa kuwa ka ce musu wanda ya matsu ya zo ya karɓi rabin da ya rage.