Za a yi gwajin kwal a filina, in karɓi kuɗi ko in ce su mayar min da ƙasata?

Tambaya: Salam. Wani kamfani ne zai shigo filina ya haƙa ramukan gwaji ya ga ko akwai kwal a ƙasa. Sun ba ni zaɓi, ko su kwashe ƙasar sama su ajiye in sun gama su mayar, ko su ƙara min kuɗi in sayo wata ƙasar da taki in gyara da kaina. Gaskiya kuɗin sun ja hankalina. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗauki na farko, kar ma ka tsaya dogon lissafi. Ƙasar saman nan da kake gani, yawanci kaurinta bai wuce santimita 15 zuwa 30 ba, amma nan ne irin ciyayi yake kwance da saiwoyi da tana da ƙwayoyin halittar da suke ciyar da shuka, kuma santimita ɗaya kacal sai ta ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ta samu. Wadda za a kawo maka a tifa ba ka san daga ina aka ɗebo ta ba, sau da yawa ƙasar ƙarƙashi ce mara rai, wani lokacin ma da irin muguwar ciyawa a ciki. Kuma ka duba yawanta, a ce wurin da injin zai zauna mita 20 ne a tsawo 20 a faɗi, aka kankare santimita 20, ƙasa ce mai cika mita kubik 80 fa, ban da hanyar da motoci za su bi. Toh ƙarin kuɗin da suka ce zai sayi wannan?

Sai dai "za mu mayar" a baki ba komai ba ne, a rubuta a takarda. A kwashe ta tun kafin babbar mota ta taka wurin, a tara ta daban kar ta haɗu da ta ƙarƙashi ko taɓon haƙa, tulin kar ya wuce kamar mita 2 don in ya yi tsawo na ciki iska ba ta kai masa sai ya mutu, kuma kar a taɓa ta tana jiƙe sharkaf. A Amurka tun dokar haƙar kwal ta 1977 wannan aikin dole ne, ƙa'idar da aka fitar ƙarƙashinta ma ta ce in ƙasar saman ba ta kai inci 6 ba to za a iya kwashe ta haɗe da ƙasar da ke dab da ƙarƙashinta a ɗauke su a matsayin ƙasar sama. Ka ɗauki hotunan filin kafin su fara, zai yi maka amfani ranar gardama.

Tambaya: Ni ɗan kwangila ne, an ba ni gyaran wuraren da aka gama haƙa. In ɗauko hayar katafila ko eskabeta?

Amsa: Malam in wurin ƙarami ne eskabeta ta fi, don daga gefe take miƙa hannu ta shimfiɗa ƙasar ba sai ta yi ta hawa kanta tana danne ta ba. Amma kafin ka mayar da ƙasar sama sai ka farfasa dandaɓar da injin ya yi, ka yi ta a gicciyen gangara, in ba haka ba ruwan farko zai wanke maka aikin. Iri kuma ka sayi na ciyayin da dama suke fitowa a yankin, ka haɗa da mai saurin rufe ƙasa.

Tambaya: Ramin gwajin da kansa fa, siminti zan saya ko bentonayit? Wani ya ce in mayar da dagwalon da ya fito ciki kawai.

Amsa: Don Allah kar ka ji maganarsa. Ramin nan ya ratsa ruwan ƙarƙashin ƙasa hawa-hawa, in ba a toshe shi da kyau ba ruwa mara kyau zai gauraya da na sha, ga iskar gas da take tare da kwal ita ma ta samu hanya. Bentonayit laka ce mai kumbura in ta sha ruwa, tana toshewa sosai, amma inda ruwa ke bulbulowa da ƙarfi ko akwai gas siminti ya fi, kuma a tura shi ta bututu daga gindin ramin ana tahowa sama, in aka zuba daga baki sai ya maƙale a tsakiya ya bar kogo. Dagwalon kuwa ka yi hattara da shi, duwatsun da ke tare da kwal sukan ƙunshi wani ma'adini mai ƙyalli na ƙarfe da farar wuta, da ya haɗu da iska da ruwa sai ya fara fitar da asid, shi ne za ka ga ruwa ya yi ja kamar tsatsa ciyawa ta ƙi fitowa. A kai samfurinsa a gwada tukuna, kuma ka tambayi hukumar da ta ba da lasisin haƙar wace irin toshewa ta yarda da ita kafin ka sayi ko buhu ɗaya.