Me ya sa na cire siririyar tayar da ka sa?

Jiya da yamma ina rufe wurin aiki ka tambaye ni, ban samu na ba ka amsa ba. Ka ce, "Maigida, mutumin nan kilomita 600 zai yi a kan keke, gudu yake nema, me ya sa ka cire siririyar tayar da na sa masa ka sa mai faɗi, kuma ka rage iskar da na ba ta?" Jawo benci ka zauna, yarona. Ni ma da nake kamar kai haka na ɗauka, taya in ba ta yi tauri kamar dutse ba, ba ta gudu.

Abin da ya yaudare ka shi ne, ka rataye keken ka juya wili ka ga yana ta wulwulawa. A sama ka juya shi, ba a kan titi ba. Kwalta, komai kyanta, tana da tsakuwa da tsaga da ƙananan ramuka. Taya mai tauri ba ta lanƙwasawa ta haɗiye su, tsalle take yi a kansu, kuma kowane tsalle yana bi ta firam ya shiga tafin hannun mahayi da mazauninsa da wuyansa. Ƙarfin da ya kamata ya tura keken gaba sai ya ƙare a jijjiga mutum. A tafiyar kilomita 20 ba zai ji komai ba. Amma mutumin nan awa 40 aka ba shi ya gama 600 ɗin, barcinsa da duk tsayuwarsa a ciki suke. Bayan awa 25 a kan sirdi, ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan mutu, wuya ya ƙi ɗaukar kai, sai ka ga mutum da sauran ƙarfi a ƙafa amma hannu ya kasa matse birki. Irin wannan tafiya ba a fiya barinta don ƙafa ta gaji ba, hannu da mazauni ne ke sauke mutum.

Ɗauko tayar da ka sa ka karanta gefenta. Ka ga 25-622? Na farkon faɗinta ne da milimita, na biyun kuma girman bakin wilin da take zama a kai, wanda ake rubutawa 700C. Wadda na sa 32-622 ce. Milimita bakwai ne kawai tsakaninsu, amma iskar da 32 ke ɗauka ta haura ta 25 da fiye da rabi. Wannan iskar ita ce katifar mahayi. In a kwalta zai yi tafiyar, tsakanin 28 da 32 nake tsayawa. In akwai burji a hanyar, 35 zuwa 40, muddin firam ya yarda. Kuma ba da ido ake sanin ya yarda ba. Ka ba tayar iska tukuna, sannan ka auna: aƙalla milimita huɗu tsakaninta da ƙarfe ta kowane gefe, in akwai madigadi ka ƙara. Taya ɗaya takan fi faɗi a kan wili mai faɗin ciki, don haka kada ka dogara da lambar da ke jikinta kaɗai. Ranar da aka yi ruwa, laka da tsakuwa suka maƙale, wannan ɗan filin shi ke hana taya cin firam.

Sai maganar iska, inda kuka fi yin ɓarna, ku yara. Lambar iskar da aka rubuta a gefen taya iyaka ce da ba a wucewa, ba ita ake nema ba. Nauyi ake dubawa: mutum da keke da kayansa gaba ɗaya. Mai kilo 75 a kan taya 25 yakan buƙaci wajen 90 a geji (ma'aunin PSI), a kan 32 kuwa wajen 60 ya ishe shi. Daga nan ake farawa, sai ya hau ya gwada, a rage ko a ƙara. Ta baya ka ɗan ƙara mata iska fiye da ta gaba, don ita ke ɗauke da mafi yawan nauyi. In kuma ka rage fiye da kima, ya faɗa rami da dare, bakin wili zai datse tub. Ka taɓa ganin tub da huji biyu gefe da gefe, kamar sarar maciji? To ba ƙaya ba ce, rashin iska ne. Sannan ka kula da sababbin wilin nan da bakinsu ba shi da ƙugiya a ciki, su ba a wuce 72 a geji komai siririn tayar, in ba haka ba tana iya fizgewa daga wili.

Na san abin da za ka ce. To me zai hana mu sa masa mai kaurin nan da ƙaya ba ta hudawa, ya huta? Mu yi lissafi. A ce yana yin kilomita 22 a awa, tayar mai nauyi ta rage masa guda ɗaya tak, ya koma 21. A kilomita 600, hasararsa ta haura awa ɗaya da kwata. Canza tub kuwa, ga wanda hannunsa ya saba, minti goma ne zuwa sha biyar. Ka ga ya biya faci biyar tun bai yi ko ɗaya ba, ga tauri da zai sha a hannu. Ita ma ta 'yan tsere, mai fata kamar takarda, ban yarda da ita ba, ƙaramin gilashi ke yanka gefenta. Ta tsakiya nake nema: gefe mai laushi, da shimfiɗar kariya ɗaya a ƙarƙashin inda ke taɓa ƙasa. In ka ga an rubuta 60 ko 120 TPI, yawan zaren da ke cikin inci ɗaya ne na saƙar tayar. Mai 120 zarenta siriri ne, ta fi laushi, mai 60 ta fi jure wuya. Amma ka murza gefen da yatsunka, sun fi lambar faɗin gaskiya.

Tayar da ba ta da tub, wadda ake zuba wa farin ruwan nan mai toshe huji, aba ce mai kyau, ba na musu. Ƙaya da siririyar waya takan toshe su mutum bai ma sani ba, kuma ba tub ɗin da wili zai datse. Sai dai ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, sai an sabunta shi kafin tafiya, kuma babbar yanka ba ya toshe ta. Ranar da hakan ta faru, dole a cire bawul a zura tub, hannu duk ya ɓaci. Shi ya sa notin bawul ɗin da yatsa ake ɗaure shi, kada ka sa masa filaya, don mahayin ba shi da filaya a daji. Wanda ya saba da irinta, na bar masa. Wanda bai taɓa gyara ta da hannunsa ba, ba zan fara masa ita sati ɗaya kafin tafiya ba.

Wannan na koye shi da kunya. Shekarun baya na sa wa wani taya mai kyau ƙwarai, amma ta matse wili har sai da muka haɗa hannu biyu da wani kafin ta shiga. Na ji daɗi, na ce ta zauna daram. Da ya dawo ya ce mini ta yi faci da tsakar dare cikin sanyi, ƙarafan cire tayarsa biyu suka karye, ya zauna bakin titi har gari ya waye. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar, duk mai doguwar tafiya sai ya cire taya ya mayar a gabana, da kayan da zai tafi da su, ba da namu ba. In ta ba shi wuya a nan da rana yana da ƙarfinsa, ba tayarsa ba ce.

Ba sabuwar magana ba ce ma. A 1891 aka fara tseren Paris zuwa Brest da dawowa a Faransa, wajen kilomita 1,200. Charles Terront ne ya ci, cikin awa 71 da 'yan mintuna, a kan tayar Michelin da ake iya cirewa a gyara a bakin hanya, a zamanin da ake manna taya a jikin wili. Ta yi masa faci a hanya, aka gyara ya wuce. Har yau ana yin tafiyar duk shekara huɗu, ana ba yawancin mahaya awa 90.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabuwar taya a sa ta sati biyu kafin ranar, ya hau ta kilomita ɗari ko biyu, in akwai aibi ya fito tun yana kusa da mu. Kafin ka sa, duba kyallen da ke rufe ramukan sifok a cikin wili, in ya goce ko ya lotsa, canza shi, shi ne ɓarawon da ke huda tub ta ciki. Ka daidaita tambarin taya da bawul. Ba don ado ba: in ya gano hujin a tub, zai san daidai inda zai lalubi ƙayar a taya, kada ya zura sabon tub a kan tsohuwar ƙaya. In kuwa taya ɗaya ta fi ɗaya kyau, mai kyan a gaba take, don fashewar gaba ita ke kayar da mutum.

Sauran keken ka san aikinsa. Auna sarƙa, in ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari a keke mai giya 11 ko 12, a canza. Robar birki sabuwa, wayar giya a duba bakinta ko ta fara tsinkewa, boris a ji ko yana ƙara, sifok a matsa su bibbiyu. Sirdi kuwa kada ka taɓa tsawonsa ko da milimita biyu, gwiwarsa ta saba da inda yake. In aiki ya tilasta ka cire shi, yi alama da tef tukuna.

Jakarsa ka zazzage a kan tebur mu gani. Tub biyu, kuma bawul ɗinsu ya kai tsawon wilinsa, na sha ganin wanda ya ɗauki tub da bawul ɗinsa bai leƙo waje ba. Faci da sholisho, a buɗe a tabbatar bai bushe ba. Famfon da aka gwada, ba wanda aka saya aka ajiye ba. Mahaɗin sarƙa daidai da giyarsa, ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya na irin firam ɗinsa, da guntun tsohuwar taya da aka yanke wa baki, na toshe yanka ta ciki. Fitila biyu gaba, biyu baya, don dare guda cur zai yi a hanya.

Gobe in ya zo, ka ce ya ɗaura jakunkunansa cike yadda zai tafi, ya zauna a kan keken. Kai kuma ka durƙusa ka duba ko jakar bayan sirdi tana sauka ta taɓa taya, sannan ka sake auna iskar da nauyin a kai. Yanzu tashi ka ɗauko mini gejin, mu fara da ta baya.