Kakanki Bai Yi Kuskure Ba: Amsa Kan Rubutun Ajami

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada, nan Kaduna, ta rubuto cewa ta tsinci wasiƙun kakanta na ajami a tsohuwar adaka. Ta ga ya rubuta "alƙali" da harafin lodi, abokin cinikinsa kuma ya mayar masa da amsa da lam. Tana tambaya: wane ne a cikinsu karatunsa bai yi nisa ba?

Malama, ba wanda ya yi kuskure. Ajami bai taɓa samun hukumar da ta ɗora wa kowa ƙa'ida ɗaya ba. Yadda malaminka ya biya maka a allo, haka hannunka zai tafi har tsufa.

Lodi shi ne harafin da Larabawa ke kira dad, mu kuma a tsangaya muke furta shi kamar lam. Daga nan muka sami alƙali, da alwala, da farilla, da larura. To, wanda ya ajiye lodi a cikin "alƙali" yana shaida wa mai karatu cewa ya san asalin kalmar, ya zauna gaban malamai ya ci littattafai. Mai lam kuwa abin da kunnensa ya ji ya rubuta, kuma saƙonsa ya isa. Ni dai ina ganin kakanki ya so a san shi almajiri ne, ko da a wasiƙar ciniki.

Hannu yana tona garin mutum ma. Basakkwace zai rubuta "ɗiya" inda Bakano zai sa "'ya", ya ce "hwaɗi" a wurin "faɗi". Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ki duba yadda ya rubuta harafin fa: in ɗigon yana ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, to hannun Magariba ne, irin na Alƙur'anin Warash.

Damuwa da rubutu iri ɗaya da boko ta zo. Baturen ilimi Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa na rubuta Hausa da boko a 1912, sai Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ido ya saba da tsari guda.

Abin da nake roƙonki, in za ki juya wasiƙun zuwa boko, kada ki "gyara" su. Ki ɗauki hoton kowace takarda tukuna, ki raba su da danshi da gara, sannan ki kai wa masana tsofaffin rubuce-rubuce a Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi da ke nan Kaduna, su taya ki karantawa.